Ƙyauren da Na Ƙone da Ɗakin da Na Gina

Daga Fagge, Kano, zuwa ga ɗana Babagana a Inugu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa jirgin ƙasa ya sauke ka lafiya, Ya sa ka tarar da mutanen gidan da za ka zauna cikin alheri, Ya tsare ka daga sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Mu nan sai godiya.

Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba ɗaure buhun banda ne, kuma da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa baƙaƙen ke hawa da sauka. Ba labarin gida zan ba ka ba, gida na nan yadda ka bar shi. Magana ce ta tsaya mini a wuya ranar da na raka ka tasha. Ka ga dai na tsaya ina ta gyara igiyar kayanka, alhali ba ta kwance ba.

Ka san yadda unguwa ta ɗauki tafiyar nan taka. Daga ƙofar masallaci har bakin kasuwa magana ɗaya ce: Modu ya ɗauki ɗansa ya tura Kurmi, ya zauna gidan Kirista, wai don ya koyi gyaran mota, yaron nan ba zai dawo da sallarsa ba. Baffanka Kyari, yayana da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya daina zuwa zaurena. Ni kaɗai na ce ka tafi. Kai kuma ka ɗauka ubanka ya san abin da yake yi. To, Babana, tun da sunan mahaifina ka ci ba zan yi maka ƙarya ba: ban sani ba. Na taɓa bin jama'a na yi kuskure, na taɓa ƙin jama'a na yi wanda ya fi shi. Bari in ba ka su yadda suka faru, ko kai ka ga abin da ni na kasa gani.

Na farko ya shafi Okeke kafinta, wanda ƙanensa ne zai koya maka aiki. Kai ka taso ka ga yana shigowa zaurenmu ana shimfiɗa masa tabarma, ba ka san akwai ranar da na ɓuya masa a bayan buhuna ba.

Lokacin kana goye. Shagonsa na nan Sabon Gari inda yake yanzu, yana yin ƙyamare da benci da akwatunan katako. Masu niyyar Makka ta ƙasa, waɗanda ke bi ta Barno su ratsa har Sudan, wajensa suke sayen akwati, domin nasa ba ya ɓarewa a bayan mota. Ni kuwa shi ya yi mini ƙyauren zaure, mai kauri, da sakata ta ƙarfe. Na yi ta taƙama da shi har abokai suka riƙa cewa, “Modu, ƙofar nan sadaki ka biya?”

Sai labari ya zo wani dattijon unguwarmu ya rasu a hanyar Makka. Ba a jima ba aka ce wani ma ya rasu. Hanyar nan kuwa tun kaka da kakanni take cin mutane, ga nisa, ga zafi, ga tsufa, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yi musu akwati. Amma a wannan karon wani ya je shagon Okeke karɓar benci, ya tarar yana goge wani dogon akwati mai murfi. Ya tambaya, aka ce na gawa ne, a ciki Kirista ke binne mamatansu. Mu kuwa likkafani da makara muka sani. Kafin la'asar Fagge ta ɗauka: wai da ragowar katakon gawa yake yi mana kaya, duk wanda ya yi tafiya da akwatinsa ba zai dawo ba, duk wanda ya kafa ƙyaurensa gawa za ta fita ta nan. Ban tsaya na tambaya ba, jama'a, wace ƙofa ce a duniya gawa ba ta fita ta cikinta?

Na ji a masallaci, na ji wajen mahauta, na shiga gida na tarar mata sun riga ni ji. Kowa cewa yake ruwa ba ya tsami banza, baffanka kuwa ya fi kowa ɗaga murya. Da hannuna na ɓalle ƙyauren nan, na ja shi waje na cinna masa wuta, mutane na tsaye suna sa mini albarka. Na rataya asabari a madadinsa. Awakin maƙwabta suka mai da zaurena wurin hutawa, magunan Fagge kaf suka gane inda ake ajiye banda.

Ba asarar ce ta fi ba ni kunya ba. A majalisa aka tambaye ni ko na ga wani abu, na ce, “Ai tun da na kafa ƙyauren nan ciwon kai bai bar ni ba.” Babana, kaina lafiya lau yake. Na faɗa ne kawai don in ji an ce, “Kun ji ko!” Ba a daɗe ba maganar tawa ta zagayo ta same ni a bakin wani, ta yi ƙiba, wai Modu mai banda ya kusa makancewa.

Ciniki ya tsaya wa Okeke cak. Ya tako da ƙafarsa yana bi gida-gida ko zai sami mai saurarensa. Na hango shi tafe, na faɗa bayan buhuna, na sa aka ce ba na nan. Ina jin sa ya tsaya a bakin asabarin ya ce, “To, a gaya wa Malam Modu, sakata ƙarfe ce, ita ba ta ƙone ba. In yana so ya kawo, in sa masa a wata ƙofa.” Ya juya ya tafi, ni kuma na ci gaba da tsugunno cikin warin kifi.

Ba malami ne ya buɗe mini ido ba, basilla ce. Tawa ta karye, na shiga turakar baffanka aro. Na zauna kan wani abu da aka lulluɓe da darduma, sai na ji ƙarfe ya taɓa mini dunduniya. Na ɗaga dardumar. Akwatin Okeke ne, an shafa masa mai yana ta ƙyalli.

Na ce, “Yaya, wannan fa?”

Ya ce, “Kai, rufe, kada wani ya shigo.”

Na ce, “Ba kai ne ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce duk mai shi ya ƙone ba?”

Ya ce, “Na faɗa mana. Kowa na faɗa, ni sai in yi shiru a ce da ni aka haɗa baki? Amma akwati irin wannan, wane mahaukaci ne zai ƙone?”

Ya dube ni, na dube shi. Mahaukacin na zaune a gabansa.

Daga nan na shiga lura. Wannan ya kai nasa gidan surukai, wancan ya tura ƙarƙashin gado, wani ya shafe nasa da shuni don kada a gane. Ashe mu da muka ƙone da gaske ba mu taka kara mun karya ba. Garin da nake jin tsoro, kowa a cikinsa tsoron ɗan'uwansa yake ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su da kaina. Na tono sakatar cikin toka, na tsallaka Sabon Gari da rana tsaka don kowa ya gan ni. Okeke ya karɓa, ya hure tokar, bai ce mini komai ba sai, “Faɗin ƙofar na nan yadda yake?”

Don haka, ɗana, in ka ji gari ya ɗauki magana, kada ka tsaya ƙirga bakuna. Tambaya za ka yi, wa ya gani da idonsa? Ka dubi abin da mutum ke yi a ɗakinsa, ba abin da yake faɗa a majalisa ba. Kuma don girman Allah kada ka ƙara wa magana gishiri don a yi da kai, domin ɗan gishirin nan naka wani zai ɗauka a matsayin shaida, a hana wani bawan Allah abinci da shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da wasiƙar nan ta yi gajarta ta yi daɗi. Amma bai tsaya ba.

Tun daga ranar na zama mai gardama. In jama'a sun ce gabas, in ce yamma, ko da kuwa rana na gani tana fitowa. Har suna aka sa mini, Modu Ba-haka-ba-ne, ni kuma ina jin daɗinsa kamar an naɗa mini rawani.

Kana ɗan tatata na sami fili a wajen Kwaciri, cikin wani ɗan kwari mai yashi. Na ce a nan zan gina ɗakin ajiye banda, da ɗaki ga innarka, mu huta da cunkoso. Tsofaffin wurin suka zo suka ce, “Malam, nan fa hanyar ruwa ce.” Na ce ina ruwan yake? Shekara da shekaru ina wucewa ban taɓa jiƙa takalmi ba. Suka ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Baffanka ya ce kada in gina. Magini ya ce shi dai zai yi aikin da aka sa shi, amma da ɗan'uwansa ne da ya hana. Yawan nasu ma shi ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, na ce a raina, ga irinta nan ta sake zuwa.

Har Okeke, da ya zo auna ƙofa, ya tsuguna ya ɗebi yashin yana murzawa. Ya ce, “Malam Modu, wannan yashi ruwa ne ya kawo shi. Ka ji maganar mutanenka.”

Na ce, “Har da kai? Kai da mutanen nan suka kusa kashe wa kasuwa?”

Ya ce, “Sun yi mini ƙarya a kan katako. A kan ruwa ba su yi ba.”

Na yi dariya na gina. Damina ta zo ta wuce lafiya, wata ta zo ta wuce. Na riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina gaishe da tsofaffin nan da gayya, ina tambayarsu ko ruwan nasu ya ɓata hanya ne. Sannan wata shekara, cikin marka, aka tsuge da ruwa tun da hantsi. Ina kasuwa na fake a rumfa. Ruwa ya taho ta daidai inda suka nuna mini, katanga ta jiƙe daga ƙasa ta zauna. Innarka ta fito da kai ta miƙa ka ga maƙwabta, ta koma ta kwance akuyarta, azara ta faɗo mata a ƙafa.

Ɗingishin nan da ka taso ka ga tana yi, da ake ce maka faɗuwa ta yi, gardamata ce. Mutanen da na yi wa dariya su suka tono ta cikin laka kafin in iso, su suka ɗauko mai ɗori. Ba wanda ya ce mini, “Ai mun faɗa maka.” Wallahi da sun faɗa da ya fi mini sauƙi. Har yau in na ji takunta a tsakar gida, ɗaya da nauyi ɗaya ba nauyi, sai abinci ya fita raina.

Ka ga abin haushin? Ni da na koyi tambayar wa ya gani, ban yi wa tsofaffin nan ita ba. Da na tambaya da sun ce su suka gani, suna samari, ruwa ya tafi da rumbuna a wurin. Ban tambaya ba don ba na son amsar. Saboda haka kada don taro ya taɓa yi maka ƙarya ka ce kowane taro maƙaryaci ne. Akwai abin da mutane suka sani don sun sha wuyarsa, sun kuma gaji da bayani, sai dai su ce maka bari. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma wani lokaci ba shi ne ma zai ji hohon ba, na kusa da shi ne.

To, sai na ce yanzu kam na sami ma'auni: in tambaya wa ya gani, in kuma saurari amsar. Da maganar tafiyarka ta taso na ɗauko ma'aunin nawa, sai ya ƙi yi mini aiki. An gani, Babana. Ɗan wani mai kanwa a layinmu ya tafi Kurmi, ya dawo yana warin giya, ko alƙibla bai sani ba, ni ma na gan shi da idona. An kuma ga wani ya tafi ya dawo da sana'a a hannu, in liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Wanne zan ɗauka? Kuma a nan Fagge, ba tare da an hau jirgi ba, ba mu rasa masu warin giya ba. Na dubi hannuwanka yadda suke son ƙarfe, tun kana ƙarami ba keken da ka bari bai sha kwancewa ba, na ga motoci sai ƙaruwa suke a garin nan, na ce zunubi ne in zaunar da kai kana korar ƙuda daga kan kifi. Amma ko wannan tunani ne na hankali, ko tsohuwar gardamata ce ta sake riga, ban iya rabewa ba.

Na je na sami baffanka na durƙusa. Na ce, “Yaya, don Allah gaya mini tsakaninka da Allah. Maganar nan ta yaron, irin ta akwati ce ko irin ta ruwa?”

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, “Modu, ranar akwati na san ƙarya nake yi. Ranar ruwa na san gaskiya nake faɗa. Yau ban san komai ba, tsoro kawai nake ji. Kai kuma ba ka jin tsoro, shi ya sa na kasa sa hannu a kwano ɗaya da kai.”

Bai san na fi shi jin tsoron ba, ni kuma girman kai ya hana ni gaya masa.

Na tsallaka wajen Okeke na tsare shi da tambaya. Ya ce ƙanensa mutumin kirki ne, zai ba ka wurin salla, zai nuna maka inda mahautan Hausawa suke, ba zai sa maka abin da addininka ya hana a kwano ba. Na ce, to yaron zai dawo yadda ya tafi? Ya ajiye zartonsa ya ce, “Malam Modu, wannan kam ba zan ɗaukar maka alkawari ba. Ni ma da uwata ta sallame ni zuwa Kano, duk ƙauyenmu cewa aka yi na ɓata.” Na fito daga shagon ban san ko ya kwantar mini da hankali ba ne ko ya ƙara tayar da shi.

Innarka ba ta taɓa cewa kada ka tafi ba. Ita ta daka maka yaji, ita ta ƙulle maka ƙuli-ƙuli. Sai da na dawo daga tasha, tana zaune tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Malam, wancan karon da ƙafata na biya. Allah Ya sa wannan karon kai ne da gaskiya.” Na ce amin.

Akwai kuma wani tunani da ke damuna, ban gaya wa kowa ba sai kai. A can kai ne za ka zama ɗaya tilo. Ranar Lahadi gari zai ɗunguma zuwa coci, a bar ka da butarka. Su ma suna da abin da duk suka yarda da shi a kanmu, za ka ji shi a kasuwa, wani zai ba ka dariya, wani zai ƙona maka rai. To in yawa ne hujja, gaskiya tana sauya riga ke nan da zarar jirgi ya haye gadar Makurɗi? Astagfirullah. Na tambayi kaina, sallar nan da nake yi, don na sani ne, ko don na buɗe ido na ga kowa na yi? Na yi alwala na yi nafila, zuciyata ta ce mini don Allah nake yi, na kuma yarda da ita. Amma ni ba a taɓa gwada ni ba, ban taɓa kwana inda ba a kiran salla ba. Kai za a gwada. Abin da za ka gano a can, ubanka bai san shi ba.

Saboda haka kada ka bar salla don kai kaɗai ne ke yi. Kada kuma ka raina mutanen da ke ciyar da kai don Fagge ta ce ga yadda suke. Ka gaishe su da safe, ka yi wa maigidanka ladabi, ka koyi aikin da kyau har ƙarshensa. In za ka rubuto mini, kada ka rubuto abin da ka san ina son ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na san ka, jinina ne kai, gardama gadonka ce. Ka ga yadda aka yi mini caa a kanka, na kuma ga idonka a tasha, ka ƙudurta sai ka fitar da ni kunya. Wannan ƙudurin shi nake tsoro fiye da Inugu da duk abin da ke cikinta. In ka ga lafiya, ka zauna ka gama, kada surutunmu ya dawo da kai. Amma in ka wayi gari ka ji salla ta fara yi maka nauyi, ko ka ga kana ɓoye buta don kada a gan ka, kada ka tsaya kana cewa in na koma za a yi wa Baba dariya. Ka hau jirgi ka taho. A yi mini dariyar. A tare ni a ƙofar masallaci a ce Modu ya sake tafka kuskure, zan tsaya in saurara har su gama, in ce gaskiyarku, jama'a. Ba mutuncina na aike ka ka tsare ba. Na gwammace Fagge kaf ta yi gaskiya a kaina ka dawo mini kai ne, da a ce na ci gardama alhali na rasa ɗana.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in ana ruwa. Baffanka bai ce a gaishe ka ba, amma an gan shi a tasha yana tambayar ko jirgin Kurmi ya isa lafiya.

Allah Ya tsare ka a tafe da zaune, Ya tsare maka imaninka da lafiyarka, Ya sa albarka a hannunka. Allah Ya nuna maka gaskiya ko kai kaɗai ne a kanta, Ya ba ka ikon karɓarta ko daga bakin taro ta fito. In kuwa kuskure na yi, Ya Allah, kada Ka kama yaron nan da shi. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Modu.